Ya hana ni kuɗina, ga makullin shafinsa a hannuna: in goge?



'Yan uwa, ranar Laraba bayan sallar Isha'i wani matashi ya tare ni a ƙofar masallaci a nan Yelwa. Yana cikin yaranmu da suka koyi aikin waya da kwamfuta: yana zana tambarin shago, yana haɗa hotunan talla, yana kula wa 'yan kasuwa da shafukansu na Facebook da Instagram. Daga ganin fuskarsa na san da magana.

Ya ce, "Malam, wata uku ke nan ina riƙe wa wani Alhaji da ke Legas shafin kasuwancinsa. Mun yi da shi naira 30,000 duk wata. Na farko ya biya, biyun nan ya ƙi. In na kira sai ya ce wai aikin bai yi masa ba, alhali da hotunan da na yi yake ciniki. Lambar sirrin shafin tana hannuna. Minti biyu ya ishe ni in goge komai. Ya halatta?"

Ban amsa masa nan take ba, don wallahi na san zafin da yake ji. Ni ma an taɓa yi mini.

Bayan na dawo daga jami'a, kafin a ba ni limanci, fassara nake yi daga Larabci zuwa Hausa ina samun na cefane. Wani bawan Allah da ke ƙasar waje ya turo mini ɗan littafi mai shafi 40. Na tambaye shi nawa zai biya, ya ce, "Haba Ustaz, ai ba ma yi haka da kai ba, za mu daidaita." Kunya ta kama ni, kada a ce malami da kwaɗayi, na yi shiru. Mako uku ina aikin dare, in babu wuta in kai kwamfuta wajen masu caji. Na tura masa duka. Ya ce a gyara, na gyara. Ya sake, na sake, har sau huɗu. Daga nan sai shiru, saƙo yana shiga ana karantawa ba amsa. Rannan na zauna na rubuta dogon rubutu da sunansa da hotonsa zan ɗora a wannan shafin. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne da farko, gaskiya ɗaya ce. Da na zo wajen rubuta nawa nake binsa sai na tsaya cak. Ban sani ba. Ba mu taɓa faɗa ba.

To mu koma kan tambayar yaron. Abu na farko da na gaya masa shi ne haƙƙinsa tabbatacce ne, kuma kada wani ya ce masa ya yi haƙuri kawai a wuce wurin. A cikin Sahihul Bukhari akwai hadisi ƙudusi da ya ambaci mutum uku waɗanda Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Aikin waya aiki ne. Don ba a ga gumi a goshi ba, ba shi ke nuna ba a wahala ba.

Amma tambayarsa ba a kan haƙƙi take ba, a kan ramuwa take. Malamai suna da mas'ala da suke kira mas'alatuz zafar: wani ya ci maka haƙƙi, sai dukiyarsa ta faɗo hannunka, za ka iya ɗiban naka ba da saninsa ba? Waɗanda suka halatta sun kafa hujja da Hindu 'yar Utba, wadda ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta, Annabi (SAW) ya yi mata izinin ta ɗauki gwargwadon buƙatarta da ta 'ya'yanta. Waɗanda suka hana sun riƙi hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ke umarni da mayar da amana ga mai ita, da hana ha'intar wanda ya ha'ince ka. Saɓani ne na gaske, tsakanin manya.

Sai dai ko mun ɗauki ra'ayin masu sassauci, bai kai yaron inda yake so ba. Hindu abinci ta ɗauka ta ciyar da yara, ba rumbu ta ƙone ba. In ya goge shafin, ko kwabo ba zai shiga aljihunsa ba. Abin da zai samu shi ne sanyin zuciya na dare ɗaya, Alhaji kuma ya rasa masu saye da ya yi shekaru yana tarawa, wataƙila har yaron shagonsa da bai san hawa ba bai san sauka ba ya rasa aiki. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, hukuncin masu sana'a shi ne suna lamunce abin da aka ba su suka keɓanta da shi. Wato daga lokacin da ya danna gogewa, mai bin bashi ya koma wanda ake bi, kuma da wuya 60,000 ta biya abin da ya ɓata.

Sai ya ce, "To Malam, ba zan goge ba. In canza lambar sirrin in riƙe, sai ya biya. Ai tela ma yana riƙe riga." A nan na daɗe ina tunani, don yaron ya kawo hujja mai ƙarfi. Gaskiya ne malamai da yawa sun ba mai sana'a damar riƙe abin da ya yi aiki a kai har a biya shi, kuma yadin da ke hannun tela na mai riga ne. Amma ni abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne lambar sirri ba yadi ba ce, makulli ce. Ka ba mai fenti makullin shagonka ya shafa maka fenti, sai ya kulle ka a waje saboda ba ka cika masa kuɗi ba? Riga in ta kwana wata guda wajen tela, riga ce. Shago in ya kwana wata guda a kulle, asarar ta wuce bashin, kuma babu alƙalin da ya auna ta, fushi ne ya auna. Na san akwai ɗaliban ilimi a wannan shafin da za su ga akasin haka, kuma ba zan ce ba su da abin faɗa ba. Ni dai ba zan ba da fatawar kullewa ba.

Abin da yake nasa kuwa yana da yawa. Ya daina aikin daga yau. Hotunan da ya haɗa bai tura ba, ya riƙe abinsa, wannan shi ne rigar tela. Yana da damar kai ƙara da faɗin abin da aka yi masa, domin aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta cire wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Amma fa gwargwadon abin da ya faru, ga wanda zai iya taimako ko wanda ake tsoron shi ma ya faɗa. Ba zagin iyaye, ba ƙari, ba a ce duk mutanen gari kaza haka suke.

Yanzu bari in juyo kanmu masu aikin, don ba kullum mai ba da aiki ne da laifi ba. A Risala ɗin dai akwai wani hukunci da ya kamata kowane ɗan Yauri ya gane shi fiye da kowa: mai jirgin ruwa ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya. Wanda ya ɗauko buhunan albasa daga gungu zai kawo kasuwar Yelwa, ba zai sauke su a tsakiyar hanya ya ce a ba shi rabin kuɗi ba, domin isarwa aka saya, ba tuƙi ba. Akwai kuma wanda aka ɗauka da lokaci, kamar mai gadi, wanda in wata ya cika albashinsa ya wajaba. Yawancin rigimar aikin intanet daga nan take tasowa, kai kana ƙirga kwanakin da ka yi, shi yana jiran kaya a bakin ruwa. Yaron nan da wata aka ɗauke shi, don haka watanninsa biyu sun tabbata. Amma wanda aka ce ya zana tambari ya kawo rabi, ko ya yi alkawarin Juma'a ya kawo bayan mako biyu yana ƙaryar babu netwok, ko aka biya shi don fassarar hannunsa ya zuba wa manhaja ya kwafo ko dubawa bai yi ba, wannan kada ya zo yana karanta mana hadisin ma'aikaci. Suratul Muɗaffifin ta fi dacewa da shi.

A kasuwar Yelwa in an yi cinikin kifi ko albasa, ga dillali, ga mutane suna ji, kowa ya san gidan kowa. A waya babu ko ɗaya. Shi ya sa nake mamakin yadda muke jin kunyar rubutu, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai ta sauka, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Layi huɗu a WhatsApp sun isa: ga aikin, ga kuɗin, ga ranar, gyara sau biyu, abin da ya ƙaru da kuɗinsa. A karɓi wani abu kafin a fara. Manyan dandalin aiki irin su Upwork da Fiverr abin da suke sayarwa ke nan: mai ba da aiki ya fara ajiye kuɗin a hannun na uku kafin a taɓa komai. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin ma'aikaci, kuma in an miƙa aiki mai saye ya yi shiru kwana uku, ana ɗauka ya karɓa. Ajiye abu a hannun amintacce ba baƙo ba ne a fiƙihunmu, yana nan a babin jingina. Mu dai mun bar shi, muna cewa "za mu daidaita".

A daren nan muka zauna da yaron a kan tabarmar masallaci muka rubuta wa Alhaji saƙo. Babu zagi a ciki. Ya lissafa watannin da kuɗin, ya haɗa da hoton saƙon da suka yi yarjejeniya tun farko, Allah Ya taimake shi bai goge ba. Ya ce ya tsayar da aiki daga ranar, ya kuma ce wa Alhaji ya canza lambar sirrinsa da kansa, shi ya fita. Da zai tura wannan layin na ƙarshe hannunsa na rawa, ya ce, "Malam, shi ke nan fa ba ni da abin riƙe shi." Na ce haka ne. Washegari muka samu wani dattijo cikin masu kai kaya kudu wanda ya san Alhajin, ya kira shi.

Zuwa yanzu da nake rubutun nan naira 20,000 ya turo, ya ce saura ƙarshen wata. Yaron bai yarda zai cika ba, ni ma ban ce masa zai cika ba.

Nawa kuɗin fassarar kuwa har yau shiru. Wani lokaci in ce na yafe, wani lokaci in tuna daren da na yi ina gyara na huɗu da fitilar waya in ji ban gama yafewa ba.