"Ai Na Faɗa Musu": Shin Gargaɗi Kaɗai Yana Sauke Nauyi?

Ranar Litinin, 11 ga Nuwamban 1940, gari ya waye da ɗumi a jihohin tsakiyar Amurka. Lokacin kaka ne, itatuwa sun zubar da ganye, kowa yana jiran sanyi, sai ga safiya mai daɗi kamar an yi wa mutane gyara. Ranar hutu ce kuma, ta tunawa da tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗaruruwan maharba suka shiga ƙananan kwale-kwale suka nufi tsibiran kogin Misisipi, tsakanin Minesota da Wiskonsin, da yawansu sanye da tufafi marasa nauyi. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa ba su taɓa ganin agwagin daji masu yawa irin na ranar ba, garke bayan garke suna ta kwararowa. Maharban sun ɗauka sa'a ce ta zo musu. Ashe tsuntsayen gudun abin da ke biye da su suke yi.

Da rana ta take, iska ta juya. Ruwan sama ya koma ƙanƙara, ƙanƙara ta koma dusa, iska tana kaɗawa da gudun da ya haura kilomita 80 a awa. Kogi ya tashi da igiyoyin da ƙaramin kwale-kwale ba zai iya ratsawa ba. Mutane suka kwana a tsibiri da jiƙaƙƙun kaya. Wasu suka kife kwale-kwalensu suka fake a ƙarƙashi, wasu suka ƙona agwagin katakon da suke yaudarar tsuntsaye da su don su sami wuta. Kafin guguwar ta wuce, kusan mutum 150 sun rasu a yankin: 49 a Minesota, ma'aikatan jiragen ruwa 66 a tafkin Mishigan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne ɗumin safiyar nan. Idan curin iska mai sanyi ya taso daga arewacin Kanada ya nufo kudu, nauyinsa ya fi na iska mai ɗumi, don haka yana kutsawa ta ƙarƙashinta ya ɗaga ta sama. A gabansa kuwa, iskar kudu ce ke kaɗawa, tana jawo ɗumi daga wajen mashigin tekun Meziko. Ke nan abin da zai kawo sanyin shi ne ya fara aiko da ɗumin. Masana yanayi na birnin Bergen a Norway, ƙarƙashin Vilhelm Bjerknes, su suka raɗa wa wannan mahaɗa suna bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kalmar da sojoji ke kiran bakin daga, domin runduna biyu ce ta iska ke karo. Saurin sauyin kan ba da mamaki. A ranar 11 ga Nuwamban 1911, birnin Oklahoma ya kai digiri 28 da rana, kafin tsakar dare ya sauka zuwa digiri 8 ƙasa da sifili.

To, laifin wa ne mutuwar maharban nan?

Amsa mafi sauƙi ita ce a ce nasu ne. Mu Hausawa muna da karin magana a shirye: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Amma wace "bari" aka ce musu? Hasashen da aka fitar ya nuna za a yi sanyi, bai nuna girman abin da ke tafe ba. Mutumin da ya fito ya ji ɗumi a fatarsa, aka kuma ce masa gari zai ɗan yi sanyi, bai yi wauta ba da ya bar babbar riga a gida.

Amsa ta biyu ita ce a ɗora wa masu hasashe. Nan ma sai a yi adalci. A 1940 babu tauraron ɗan adam mai leƙen gajimare, sai a 1960 aka harba na farko. Hasashen yanayi na farko da kwamfuta ta lissafa, a 1950 aka yi shi da na'urar ENIAC. Ba a hukunta mutum a kan abin da babu hanyar da zai sani. Sai dai akwai wani abu dabam. Ofishin da ke fitar da hasashen yankin yana can Shikago, kuma ba a kwana ana aiki a cikinsa. Guguwar ta yi ƙarfi a sa'o'in da babu mai tsaye a kanta. Wannan tsari ne da mutane suka zaɓa, kuma ana iya tambayarsu a kansa. Bayan abin ya faru aka mayar da aikin na dare da rana, aka kuma rarraba shi ga ofisoshin da suka fi kusa da jama'a.

Yau gargaɗi yana aljihun kowa. Kwanaki kafin irin wannan iska ta iso, waya ta riga ta yi ƙara. Wani zai ce tambayar ta mutu ke nan: an faɗa, kowa ya ji, saura ya rage ga mai shiga rijiya. Ni ma haka na ɗauka, har sai da sana'ata ta nuna mini wani abu game da kaina.

Aikina rubuta manhaja. A wani wuri da na taɓa aiki, na lura ma'ajiyar bayanan wata babbar kwamfuta ta kusa cika, kuma idan ta cika komai zai tsaya. Yammacin Juma'a ne, ina sauri. Na rubuta layi ɗaya a zauren tattaunawar ma'aikata, zauren da saƙonni ke zuba kamar ruwan Agusta, na rufe kwamfuta na tafi. Daren Asabar abin ya tsaya cak. Ranar Litinin da aka zauna bincike, na ciro wayata na nuna saƙon, da ranarsa da lokacinsa. Babu wanda ya ce mini komai. Na fita a wanke.

Amma ni na san gaskiya. Na san wanda ke da ikon gyarawa, ina da lambarsa, kiran minti ɗaya ya isa. Na san babu mai karanta zauren nan da yammacin Juma'a. Saƙon da na rubuta bai kare aikin ba, ni ya kare. Tun ranar nake rarrabe gargaɗi gida biyu: wanda ake yi don mutum ya tsira, da wanda ake yi don a samu abin nunawa bayan ya halaka. Kalmominsu na iya zama iri ɗaya. Bambancin yana ga abin da mai gargaɗin ya yi bayan ya rufe baki: ya duba ko an ji? Ya faɗa wa wanda ya dace, a lokacin da maganar ke da amfani, da nauyin da ya yi daidai da haɗarin?

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan wannan ra'ayi, ba zan ɓoye shi ba. Idan aka ce mai gargaɗi yana da alhakin duk wanda bai ji ba, tsoro zai sa ya riƙa ihu a kan kowace 'yar iska. Masu irin aikina sun san ƙarshen haka: manhajar da ke ƙara sau ɗari a yini, kashe mata sauti ake yi, ranar da ta yi ƙarar gaskiya babu mai waiwaya. Ga shi kuma tabbas ba ya hannun kowa. A 1961 Edward Lorenz ya sake shigar da lissafin yanayi a kwamfutarsa, ya taƙaita 0.506127 zuwa 0.506, sakamakon ya kauce gaba ɗaya. Yanayi abu ne da ɗan kuskure ƙanƙani ke girma a cikinsa. Sannan babban mutum yana da 'yancin jin magana ya ƙi bi. Wanda aka kira, aka yi masa bayani, ya fahimta, ya ce shi dai sai ya shiga kogi, nauyinsa yana wuyansa.

Na yarda da duk wannan. Abin da yake koya mini shi ne gargaɗi amana ce mai awo: a faɗi abin da aka sani daidai girmansa, kada a kumbura shi don kare kai, kada a rage shi don gudun kunya idan bai faru ba. Amma bai wanke ni daga abin da na yi ranar Juma'a ba, domin ni ban ma kai ga wanda zai ƙi ji ba.

Saura abu guda, kuma shi ya fi nauyi. Muna cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wannan gaskiya ne ga jikin da ke da wurin gudu. Saƙo ɗaya ne ke shiga wayar mai gida da murhu da ta wanda ke kwana a ƙarƙashin gada a Shikago. Na farko zai rufe taga ya ƙara bargo. Na biyu an dai sanar da shi abin da zai same shi. Shi ya sa birane da dama a Amurka ke buɗe ɗakunan ɗumi idan irin wannan sanyi ya tunkaro. Sun gane cewa "ka nemi mafaka" magana ce da ba ta cika sai akwai mafakar. A nan nauyi yake tashi daga kan masu hasashe ya sauka a kan duk wanda ya ji, yana kuma da abin yi. Sanin da ka samu kafin maƙwabcinka, ko halin da kake da shi wanda shi ba shi da shi, bashi ne a kanka.

Washegarin guguwar 1940, wani matuƙin ƙaramin jirgin sama a garin Winona, Max Conrad, ya tashi cikin iskar da ba ta gama lafawa ba. Ya riƙa shawagi a kan tsibiran, idan ya hango mutum ya jefa masa abinci da ashana, ya yi ta kewaya wurin har masu ceto a jiragen ruwa su gane inda za su nufa. Ba shi ya yi hasashen ba, babu kuma wanda zai tuhume shi da ya zauna a gida. Yana da jirgi, ya san akwai mutane a kogi, sai ya tafi.

Har yanzu saƙon nan na Juma'a yana cikin wayata. Na bar shi ne don in riƙa tuna cewa ranar da na fi kowa hujja, a ranar na fi kowa sanin ban yi abin da ya kamata ba. Yanzu idan na ga abu yana tafe, kira nake yi, in jira a ɗauka.