Ɓawon Sandar Walda

Ana tsakiyar huɗa garmar shanunmu ta karye, daidai wuya, inda bakinta ya haɗu da ƙarfen da ake ja. Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Ajingi ya san abin da kwana biyu ke nufi a irin wannan lokaci. Yawancin gonakinmu jigawa ne, ba sa riƙe danshi. In ka bari rana ta buga su, sai dai ka zauna jiran wani ruwan. Na ɗaure garmar a bayan babur na nufi cikin gari.

Rumfar walda ta farko da na tarar a buɗe, wani saurayi ne a ciki. Kafin in gama gaisawa da mutanen wurin har ya liƙe ta, ya shafa mata baƙin fenti, ta yi kyau kamar sabuwa. Na biya, na koma gona. Kunya uku muka ja, a ta huɗu ta sake ɓallewa a wurin nan dai. Da na ɗaga guntun na duba, sai na ga cikin ɗinkin duk ƙananan ramuka ne, kamar itacen da gara ta ci.

Da la'asar na kai ta wurin wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Ya juya guntun a hannunsa, ya kankare da farce.

"Malam, ƙarfenka lafiyarsa ƙalau. Sandar da aka yi maka aiki da ita ce ta sha danshi."

Na ce, "Baba, danshi kuma? Ai wuta ce ke narka ta."

Bai ja magana ba. Ya zaro sandar walda guda, ya bubbuga ta a kan ƙarfe har ɓawon jikinta ya zube, ta koma tsurar waya. Ya maƙala ta a hannun inji ya ɗosana a wani guntun ƙarfe. Sai liƙewa take yi, tana tofar da tartsatsi ko'ina, abin da ta bari kuwa ƙuraje ne kawai. Sannan ya buɗe wani gwangwani mai murfi da yake ajiyewa a sama, nesa da ƙasa, ya ɗauko busasshiya mai ɓawonta. Ƙarar ma daban take, siririya, ba ta yankewa, kamar ana suya.

Shekara da shekaru ina ganin wannan ɓawo mai launin toka, ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Ashe shi ne rabin aikin. Wutar da ke tsalle tsakanin bakin sanda da ƙarfe zafinta ya haura digiri 3,000, alhali ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500. To narkakken ƙarfe mayunwaci ne, duk iskar da ta taɓa shi sai ya haɗiye. In oksijin da naitirojin na iskar da muke shaƙa suka shige shi, ɗinkin zai daskare da ramuka, ya yi gautsi. Ɓawon nan shi ke ƙonewa tare da sandar, hayaƙinsa ya kewaye wurin ya kore iska, sauransa ya narke ya taso sama ya rufe ɗinkin kamar bargo, har ya huce sannu a hankali. In kuwa ɓawon ya jiƙe, ruwan da ya sha shi zai kai wa ƙarfen cutar da aka sa shi ya tare. Abin da ya sami garmata ke nan.

Masu waldar farko da tsurar waya suka fara, kuma irin matsalar da dattijon ya nuna mini ita ta dame su. Wani injiniyan jiragen ruwa ɗan ƙasar Suwidin, Oscar Kjellberg, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, shi ya fito da dabarar tsoma wayar cikin wani kwaɓi mai kauri na ma'adinai a bar ta ta bushe. Sandar da ake sarowa kwali-kwali daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wadda za ka ga an buga mata lamba 6013 a gindi, jikar waccan ce.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata maganar ƙarfe ta zama baƙuwa a wurinmu ba. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka bi sawun tama har gindin dutsen Dala suka zauna, kuma daga sunan ɗayansu, Kano, birnin ya sami suna. Zuga-zugi da gawayin ƙirya da uwar maƙera sun riƙe garma da fartanya da lauje na ɗaruruwan shekaru kafin waya ta iso. Mai walda na yau magajinsu ne, ko da ba jininsu ba ne.

Kayan aikin kam sun canja, a kan idonmu ma. Da, injin walda ƙaton naɗin waya ne da ake haɗawa a nan gida, sai mutum biyu sun kama shi, in an kunna fitilun maƙwabta su dushe. Yanzu ga ƙaramin nan da ake kira inbata, wanda kamfanin Kemppi na ƙasar Finlan ya fara nunawa a 1977, yau kuma na Sin sun cika kasuwa. Yaro zai rataya shi a kafaɗa. Sirrinsa shi ne yana ɗaukar wutar da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ya mayar da ita sau dubbai, don haka ɗan ƙaramin naɗi ya ishe shi. Wutarsa a nutse take, kuma bai kai tsohon ci ba, abin da ya zama babbar magana ga mai tayar da janareta tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Har gona ana iya kai shi a babur a gyara amalanke inda ta lalace. Ƙura ce dai abokiyar gabarsa.

A manyan masana'antu an wuce nan. Akwai injin da ke turo waya daga faifai ba tsayawa, iskar gas daga tukunya tana lulluɓe wurin. Akwai wayar da aka cusa mata garin ɓawon a cikinta maimakon a baya. Akwai waldar da ake binne wutar gaba ɗaya a ƙarƙashin tulin gari, ba ka ko ganin haskenta. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na ga duk buƙata guda suke biya: a tsare narkakken ƙarfe daga iska har ya kama jikinsa. Shi ya sa ma sanda mai ɓawo ba ta bar rumfunanmu ba. Gas ɗin tukunya iska na kwashe shi a fili, balle iskar hunturu, ita kuwa sanda da rigarta take yawo.

Ina tsugune ina kallon dattijon ya goge bakin karayar har farin ƙarfe ya fito, ya fafe gefe da gefe don narkin ya shiga ciki, sai gwaggona ta faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙanta. Bayan rasuwar kakanmu, baffannina biyu sun ɓata a kan iyakar gona, har ta kai ba sa gaisawa a masallaci. Kowa ya sa baki, kowa ya ƙara wa wutar itace. Ita ce ta riƙa kiransu ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, daga baya tare, ta saki labule. Ta hana matansu leƙowa, ta hana mu 'ya'ya, ta kori masu kawo an ce ka ce. Abin da aka faɗa a ɗakin nan har ta koma ga Allah ba wanda ya ji daga bakinta. Mun dai sha jin murya ta tashi, mun sha ganin ta fito idonta jawur. Duk zafin da kowannensu ya kasa zuba wa ɗan'uwansa, a kanta ya sauke.

Mutum biyu ba sa shiryawa sai kowanne ya yi laushi, ya faɗi abin da ke cinsa, wataƙila ya yi kuka. A wannan hali kuwa kalma ɗaya daga waje ta isa ta shige ta zauna, a rabu ana murmushi alhali ciki rami ne. Na ga sulhu da yawa irin ɗinkin saurayin nan, an tara jama'a, an yi musabaha, an shafa fatiha, kafin kaka an koma gidan jiya. Na gwaggo bai sake motsi ba. Ranar da aka kira dattawa aka tabbatar da iyaka, su aka yi wa godiya, ita tana madafa. Na kuma lura baffannin nan sun ɗan janye jiki daga gare ta bayan haka, irin nauyin da mutum ke ji na wanda ya gan shi a rauninsa. Ba ta taɓa nuna ta damu ba. Ni ne abin ya tsaya wa a rai har yau.

Akwai wani abu kuma da ya dame ni a rumfar, ba zan ɓoye ba. An yi wa ƙarfe kariya, ba a yi wa yaron da ke riƙe shi ba. Almajirin dattijon, bai fi shekara goma sha huɗu ba, da baƙin tabarau na kasuwa yake kallon wutar. Hasken walda na ƙona fatar ido, kuma ba ya nunawa sai cikin dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi. Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne. A 2017 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Garkuwar fuska mai gilashin gaske ba ta kai kuɗin inji ba. Na faɗa wa dattijon haka cikin ladabi, ya yi shiru, ya ce zai duba.

Da ya gama, na miƙa hannu zan watsa wa garmar ruwa don in yi sauri. Ya riƙe ni.

"A'a, Malam. Bar ta ta huce da kanta."

Muka zauna. Can sai baƙin ɓawon da ya rufe ɗinkin ya fara ɗagowa daga gefe shi kaɗai, yana lanƙwashewa. Ya taɓa shi da ɗan guduma sau ɗaya, ya zube. A ƙarƙashi ga ɗinki sumul, layi bisa layi kamar kitso. Yaron ya kawo tsintsiya ya share baƙin garin zuwa bakin hanya, ni kuma na ɗaure garmata. Damina huɗu ke nan tana aiki.