Ziyarar Wuni Guda Zuwa Tsohuwar Mahaƙar Zinariya

  

A cikin hamadar gabashin ƙasar Masar, tsakanin garin Ƙift na bakin Kogin Nilu da garin Ƙusair na bakin Bahar Maliya, akwai wani kwari da ake kira Wadi Hammamat. Wajen tsakiyar hanyar nan akwai wani kufai, Bir Ummu Fawahir, inda mutanen dā suka haƙi zinariya. Yanzu hanyar mota ta ratsa ta wurin, har mutum yana iya tashi daga Luksor da asuba, ya je ya kashe kwarkwatar idonsa, ya komo masauki kafin magariba. To, da yake 'yan'uwanmu ɗalibai da fatake ba su rabuwa da ƙasar Masar, ya kamata mu tambayi kanmu: shin ya dace Musulmi ya mai da wurin da bayin Allah suka sha wuya wurin shaƙatawarsa?

Bari mu fara da abin da mai ziyara zai tarar. Masana daga Jami'ar Shikago ta Amurka sun soma binciken wurin a shekarar 1992, suka ƙirga gine-ginen dutse fiye da 200, na wani ƙauye da aka zauna a ƙarni na 5 da na 6 na Miladiyya. Amma haƙar zinariya a yankin ta girmi ƙauyen nesa ba kusa ba, domin akwai wata taswira da aka zana tun zamanin Fir'aunoni, wajen shekara 1150 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ta nuna duwatsun zinariya na kwarin, tana nan ajiye a birnin Turin na Italiya. Zinariyar kuwa ba a dunƙule take ba, ƙwayoyi ne ƙanana a cikin farin dutse mai tauri. Sai an fasa dutsen, a farfasa shi, a niƙe shi ya koma kamar gari, kana a wanke da ruwa, a ƙasar da ruwan sha ma sai an yi da gaske.

Wani marubucin Girka mai suna Agatarkides, wanda ya rayu a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya bayyana yadda ake aiki a waɗansu mahaƙan da ke kudu da nan, wajen iyakar Masar da ƙasar Nuba. Ya ce fursunoni ne cikin mari, ana hura wuta a jikin dutse don ya tsage, yara ƙanana su kutsa cikin ramuka su kwaso abin da aka fasa, mata da tsofaffi kuma suna kan dutsen niƙa, ba hutu sai ran mutuwa. Zinariyar ta tafi fadojin sarakuna, duwatsun niƙan su ne suka saura a hamada.

Game da hukunci, asalin tafiya don ganin ƙasa halal ne, Alƙur'ani ma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Wani zai kawo hadisin Hijir, watau lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya ratsa gidajen Samudawa a kan hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga sai fa suna masu kuka. Gaskiya ne, amma Hijir wuri ne da azabar Allah ta sauka a kan mutanen da nassi ya ambata, mahaƙa kuwa ba ta cikin wannan hukunci, kuma ba mu da ikon yanke wa mazaunanta komai. Abin da za mu ɗauka daga hadisin shi ne ladabi, watau kufai ba dandalin wasa ba ne, kuma zuciyar da ta tsaya a kansa ba ta motsa ba, lalle tana bukatar magani.

Mai yiwuwa ne wani ya ce, mutanen nan sun shekara dubu da ɗaruruwa a cikin ƙasa, juyayina me zai ƙara musu? Ba zai ƙara musu komai ba, rayayyu ne zai amfana. Mai karatu ya tuna abin da ya auku a Jihar Zamfara a shekarar 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalilin kuwa shi ne ana kawo dutsen zinariya cikin gari da cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Ashe dutsen niƙan da baƙo ke ɗauka hoto a hamadar Masar bai daina juyawa ba, hannu kawai ya sake. Wanda ya dubi na can bai tuno da na gida ba, ya yi asarar kuɗin mota.

Shari'a ba ta haramta zinariya ba, iyaka ta ɗaure ta da haƙƙoƙi. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka fitar daga ma'adini, in ya kai nisabi, watau nauyin dinari 20, ana fid da ɗaya bisa arba'in nasa ran da ya fito, ba a jiran shekara ta kewayo. An kuma hore mu da biyan ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. Hadisi ingantacce ya faɗakar da mu cewa ɗan Adam ko an ba shi kwari guda na zinariya zai nemi na biyu. Ga kwarin nan a Masar, al'umma bayan al'umma sun yashe shi, ba wanda ya ce ya ƙoshi.

Saboda haka wanda Allah ya hore wa zuwa, ya je, amma ya gyara niyya. Kada ya tsaya ga tambayar yawan zinariyar da aka samu, ya tambayi wanda ya haƙa da abin da aka ba shi. Kada ya ɗauke ko tsingaro, kada ya rubuta sunansa a bangon da wani ya gina da guminsa, kada kuma kallo ya shagaltar da shi ga barin salla. In ya komo gida, sai ya dubi ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa da dukiyar da ke hannunsa, ya tambayi kansa haƙƙin wa ya maƙale a ciki.

Allah ya sa mu cikin masu ganin aya su wa'aztu, ya tsare mu da cin gumin wani, amin.