Kafin Ka Bar Ƙofar Jirgi: Nasiha Ga Mai Sha'awar Dira Da Laima

Ɗana, na san abin da ya ɗauke maka hankali. Ka ga samari a waya suna fitowa daga ƙofar jirgi a sararin Dubai, tsibirin nan mai siffar dabino shimfiɗe a ƙarƙashinsu, iska na kaɗa musu kumatu suna dariya, ranka ya biya. Abin da muka sani da sojan laima kaɗai yau ya zama wasan da ɗalibi a Turai ko ɗan kasuwa a Dubai zai biya kuɗi ya yi. Ba zan hana ka ba. Wasa ne mai tsari da dokoki, kuma masu natsuwa suna yin sa har furfura. Amma rai amana ne, ba a sa shi a hannun wanda ba a bincika ba. Zauna ka saurare ni. Ke ma 'yata, maganar har da ke.

Fara sanin abin da za ka shiga. Jirgi zai ɗaga ku kimanin mita 4,000, inda sanyi ya fi na ƙasa da kusan digiri 25. Da ka fita, nan da nan gudunka zai kai wajen kilomita 200 a awa, wato kowace daƙiƙa kana cinye mita 50 da ɗoriya. Minti ɗaya za ka yi a haka, sannan a buɗe laima, ka ɗauki kamar minti biyar kana saukowa. Kowane mai dira yana goye da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana. A cikin jakar kuma galibi akwai 'yar na'ura da ke auna tsawo da gudu. In ta ga an kusa ƙasa ba a buɗe komai ba, sai ta saki ta ko-ta-kwana da kanta. Wani Bajamushe, Helmut Cloth, ya rasa abokinsa a wannan wasa, shi ya sa ya duƙufa har ya fito da irinta mai suna CYPRES a 1991.

Ƙungiyar masu dira ta Amurka, USPA, ta ƙidaya dira kusan miliyan 3.65 a shekarar 2023, mutum 10 suka rasu. A shekarun 1970 kuwa ana rasa sama da 40 duk shekara, alhali masu dirar ba su kai na yau yawa ba. Kaya sun inganta ƙwarai. Abin da bai canja ba shi ne ɗan Adam da gaggawarsa da son a gani. Ba kasafai laima biyu ke ƙin buɗewa tare ba. Yawancin asarar daga shawarar mutum take fitowa, kuma shawarar nan tun a ƙasa ake fara yanke ta, ranar da ka zaɓi inda za ka je.

Filayen dira suna da yawa: Eloy a Arizona, DeLand a Florida, Empuriabrava a Sifen, Dubai, Swakopmund a Namibiya, Beni Mellal a Maroko. Kada suna ko kyan hoto ya yi maka zaɓi. Tambayarka ta farko ita ce: wace ƙungiya ce ke sa musu ido? A Amurka USPA ce, a Ingila British Skydiving, Faransa da Afirka ta Kudu kowace da tata. Shiga shafin ƙungiyar ka duba sunan filin da idonka. Ka yi hattara da dillalan intanet masu sayar da tikiti alhali ba su da jirgi ba su da fili. Kuɗinka za su karɓa su tura ka inda ba ka zaɓa ba. Kuma duk wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, tambayi kanka daga ina ya rage: daga gyaran jirgi, daga albashin malami, ko daga sabunta kaya? Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Dirarka ta farko ta goyo ce: za a ɗaure ka a ƙirjin malami da ƙugiya huɗu, shi ke riƙe da laima. To, wane ne shi? A tsarin USPA sai mutum ya yi dira 500, ya shekara uku a wasan, ya ci jarrabawa, likita ya tabbatar da lafiyarsa, kafin a ba shi goyon wani. Nemi ka ga shaidarsa. A watan Agustan 2016, kusa da garin Lodi a Kalifoniya, wani saurayi ɗan shekara 18 ya rasu tare da malamin da ya goya shi, daga baya bincike ya nuna malamin ba shi da ingantacciyar shaida. Kunyar tambaya ba tarbiyya ba ce a wannan wuri. Malamin kirki daɗi yake ji in an tambaye shi. Wanda ya ɓata rai, ya riga ya ba ka amsa.

Ce a nuna maka jakar da za a goya ka da ita. A jikinta akwai ɗan aljihu, ciki da kati mai kwanan wata da sa hannun ƙwararren da ya naɗe laimar ko-ta-kwana. Dokar Amurka ta ce duk kwana 180 a warware ta, a duba, a sake naɗewa, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Ɗaga murfin baya, za ka ga siririn fil na ƙarfe da ke riƙe da bakin jakar, an zagaye shi da jan zare, an matse zaren da 'yar dalma mai hatimin wanda ya yi aikin. In zaren ya tsinke ko kwanan watan ya wuce, ba a hawa jirgi da wannan jaka. Duba kuma 'yar tagar na'urar nan ka ga a kunne take. Duka wannan bai fi minti biyu ba.

In da hali, je filin kwana ɗaya kafin ranarka, ka sami inuwa ka zauna ka yi kallo. Wurin naɗe laima a share yake, ko ana shan taba kusa da shi? Kafin a hau jirgi suna duba kayan juna, ko kowa ta kansa yake? Masu sauka suna fuskantar gefe ɗaya bi da bi, ko suna gittawa juna? In wani ya yi ganganci, akwai babban da ke jan sa gefe ya yi masa faɗa, ko tafi ake yi masa? Abin da ka gani a yini ɗaya ya fi duk abin da suka rubuta a talla.

Kada ka manta da jirgin kansa. A watan Yunin 2019 jirgin masu dira ya faɗi a Hawaii jim kaɗan da tashi, mutum 11 suka rasu. Wata guda bayan haka wani ya faɗi a Umeå ta ƙasar Suwidin da mutum 9, kuma bincike ya nuna nauyin da ya karkata baya yana cikin dalilan. Don haka zauna inda aka ce ka zauna, ɗaura bel, sa hularka lokacin tashi, kada ka matsa sai an ce ka matsa. In ka ga ana cusa mutane fiye da bel ɗin da ke ciki, sauka tun injin bai ɗauki zafi ba.

Sai yanayi, kuma a nan ake gane filin ƙwarai. Ɗalibin da ke dira shi kaɗai, USPA ba ta yarda ya tashi ba in iskar ƙasa ta wuce kimanin kilomita 22 a awa. Dokar Amurka ta hana ratsa gajimare, domin ba ka san jirgi ko mutumin da ke cikinsa ba. A filayen hamada, da rana tsaka, 'yar guguwar nan da ke murɗa ƙura tana iya naɗe laima mutum yana dab da ƙasa. Wata rana za ka biya kuɗi, ka yi doguwar tafiya, jirginka na komawa gida gobe ne, sai a dubi tutar iska a ce yau babu tashi. Ranka zai ɓaci. Gode musu. Filin da ke iya mayar da kuɗi ya ce maka a'a, shi ne filin da za ka koma. Wanda ba ya taɓa cewa a'a, kuɗinka yake tsaro, ba ranka ba.

Kai ma ka faɗi gaskiya game da jikinka. Ana mura ba a dira, domin kunne a toshe yana iya fashewa da saurin saukowa. Wanda ya yi nutso a teku da tukunyar iska ya jira aƙalla awa 24. Mai ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ko kafaɗar da ta taɓa gocewa, ya fara ganin likita. Galibin filaye suna da iyakar nauyi wajen kilo 100. Kada ka rage ko kilo ɗaya a takarda, kayan da lissafi aka ɗinka su. Yi barci isasshe, ci abinci mara nauyi, kada ka kusanci duk abin da ke gusar da hankali. Karanta takardar da za ka sa wa hannu, ka duba inshorar tafiyarka, da yawa ba sa biyan raunin wannan wasa, asibitin waje kuwa ba sani ba sabo. Sannan ka gaya wa iyayenka da iyalinka kafin ka je. Ba daidai ba ne mahaifiya ta fara jin labari daga hoto, balle daga bakin baƙo. In sun ƙi, albarkarsu ta fi minti ɗaya a sama.

In abin ya shiga ranka ka ce za ka koya, to nan haɗarin gaske ke farawa. Za a ba ka darasin yini a ƙasa, malamai biyu su riƙe ka a dirorin farko, sannan a sake ka sannu a hankali. Lasisin farko sai dira 25, na biyu 50, na uku 200, na ƙarshe 500. Ɗaura kyamara a ka da sa rigar fukafukai, an ce a jira sai an cika 200, domin mai neman hoto yakan manta da agogon auna tsawo. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Mai lasisin farko da ya yi kwana 60 bai dira ba, malami zai sake bi da shi. Kada ka ɗauki haka raini. Kafin kowane hawa duba zobba uku na kafaɗa, maɗauri uku, mariƙi uku, ka sa wani ya duba maka bayanka. Maimaita motsin ceto har hannunka ya haddace: dama ta ja jan mariƙi ta saki laimar da ta lalace, hagu ta ja na ƙarfe ta buɗe ta ko-ta-kwana. Ɗalibi yana yanke wannan shawara kafin ya sauko ƙasa da mita 750. Wanda ya tsaya gyaran igiya yana cewa yanzu za ta warware, ƙasa ba ta jiran sa.

Bari in nuna maka yadda ƙwararru ke mutuwa da lafiyayyar laima a kansu. Saurayi ya yi dira ɗari biyu ko uku, ya ga manya suna shigowa da ƙaramar laima suna share ciyawa da ƙafa ana ihu. Aka ce masa bai kai ba, ya je ya sayi ƙarama a hannun wani. Ranar nan ya dawo daga nesa, saura mita talatin ya lura iska na bayansa, ga mutane na kallo. Ya fizgi igiyar hagu da ƙarfi don ya juyo. Laimar ta kifa hanci, shi ya yi lilo ya koma gefe, jikinsa da laimar suka iso ƙasa lokaci guda. Da ya miƙe kawai ya ja igiyoyin birki biyu daidai ya mirgina, da ƙura kaɗai zai kakkaɓe. Riƙe wannan jeri: laima a miƙe bisa kanka, wuri mara shinge da wayar lantarki, birki a kan lokaci. Fuskantar iska ita ce ta ƙarshe, ba a sayen ta da juyi kusa da ƙasa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Duk sabon filin da ka je, ka koma ɗalibi ko lasisinka na nawa ne. Nemi mai kula da tsaro ya nuna maka hoton wurin daga sama: ina ruwa, ina wayoyi, ina titin jirgi, ina za ka sauka in ba ka iso fili ba, ta wane gefe ake shigowa. Tambayi tsawon wurin daga teku, domin a tudu mai zafi iska ba ta da kauri, laimar da ka saba da ita za ta fi gudu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya ga namiji: koyi cewa a'a da bakinka. Abokai za su ce iskar ba komai, za su ce a cika jirgi, za su kira ka matsoraci. Ko kana bakin ƙofa, in ka leƙa ba ka ga fili ba, ko zuciyarka ba ta kwanta da kayanka ba, koma ka zauna ka sauko da jirgin. Kuɗin hawa ɗaya ka yi asara. Tsofaffin da suka shekara talatin suna wannan wasa, duk wanda ka tambaya zai ba ka labarin ranakun da ya cire kaya ya zauna yana kallon wasu, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Ajali na Allah ne, amma bincike da haƙuri aikinka ne, kuma za a tambaye ka. Yi naka ka cika, sannan ka yi bismillah ka fita. Allah ya tsare ka, ya sauke ka lafiya.