Mai Shiru-Shiru da Neman Sana'ar da Ta Karɓe Shi

Bahaushe bai rasa sunan da zai laƙa wa mutumin da ba ya son yawan magana ba. In yana ƙaunarsa, sai ya ce mai kawaici ne, mai natsuwa. In yana jin haushinsa, sai ya ce miskili ne, har ya ƙara da cewa miskili ya fi mahaukaci ban haushi. In kuwa shakkarsa yake yi, sai ka ji ya ce lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi. Mutumin ɗaya ne, halin ma ɗaya ne, mai kiran sunan ne kawai ya canza. Da abin ya tsaya ga suna, da da sauƙi. Sai dai yakan kai ga tuwon mutum, domin a nan Nijar aiki ya fi bin wanda aka ji muryarsa. Saurayin da ba a saba ganinsa a fada ana shan shayi ba, da wuya a tuna da shi ranar da aka ji labarin ana ɗaukar ma'aikata.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: shin mai irin wannan hali yana da haƙƙin ya nemi sana'ar da ta dace da halinsa, ko kuwa abin da ya wajaba a kansa shi ne ya danne halin, ya kama duk abin da ya samu? Ina da ruwa da tsaki a maganar, don ni ma ina cikinsu. Aikina gabatar da shirye-shirye ne a gidan rediyo, amma in aka gayyace ni biki, da an yi rabin awa ido na kan ƙofa.

Kafin a yi nisa, a raba abubuwa uku da muke cakuɗawa. Akwai kunya, wadda tarbiyya ce, ana koya wa yaro ita a gaban surukai da manya. Akwai tsoron jama'a, wanda ke sa mutum ya so yin magana amma harshe ya ƙi, jiki ya ɗauki rawa. Sannan akwai shiru-shiru na halitta: mutum ya iya magana sarai, ba ya tsoron kowa, amma taro yana gajiyar da shi kamar yadda noma ke gajiyar da wani, kuma sai ya kaɗaita ƙarfinsa ke dawowa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Carl Jung shi ya yaɗa wannan bambanci a shekarar 1921, inda ya kasa mutane zuwa masu fuskantar ciki da masu fuskantar waje. A 1967 kuma Hans Eysenck, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aiki a Landan, ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru dama a farke take sosai, shi ya sa hayaniya kaɗan ke cika ta, alhali wani sai an kaɗa masa ganga yake jin daidai. Yawancin mutane a tsakiya suke, amma na gefen nan biyu ma akwai su, kuma kowace zuriya tana da nata.

Amfanin wannan rarrabewa shi ne, mai tsoron jama'a taimako yake bukata, mai shiru-shiru kuwa wuri yake bukata. In ka ba ɗaya maganin ɗaya, ka ɓata su duka.

Shawarar da aka saba ba irinmu ita ce mu nemi aikin da babu mutane a cikinsa. Ni dai ban yarda da ita ba, don irin wannan aiki babu shi. Makiyayin da ya yi wata uku a daji zai shigo kasuwa ya yi ciniki. Telan da ke zaune shi da kekensa shekara guda, in salla ta matso shagonsa ya fi tasha cika, kowa da rigarsa da faɗansa. Mai gyaran waya aikinsa na natsuwa ne, amma teburinsa a tsakiyar kasuwa yake. Sunan sana'a yana ruɗin mutum. Abin dubawa shi ne yadda mutane ke zuwa maka a cikinta.

Bari in ba da misali da abin da na sani. Duk wanda ya ji mai gabatar da shiri, yakan zaci ɗan surutu ne. Amma situdiyo ɗaki ne da aka toshe don kada ƙarar waje ta shiga. Daga kai sai makirufo, sai mai haɗa sauti a bayan gilashi kuna magana da hannu. Shirin awa guda yakan ci awoyi na karatu da rubutu da tace murya, duk kai kaɗai. In shirin kiran waya ne, masu kira ɗaya bayan ɗaya suke shigowa. In hira ce, babban makaminka shi ne saurare. Tun muna makarantar koyon aikin jarida na lura cewa idan baƙo ya gama amsa ka yi ɗan jim ba ka ce komai ba, sau da yawa sai ya ci gaba, kuma abin da zai faɗa a karo na biyun ya fi na farko gaskiya. Shiru ma magana ce, in ji masu iya magana, a rediyo har tambaya ce. Amma a gidan rediyon nan dai akwai ɗan rahoton da ke kutsawa taron manema labarai yana ɗaga murya, akwai mai neman talla da ke yawo ofis-ofis. Gida ɗaya, sana'a ɗaya a idon na waje, amma kujera uku ce daban. Ta farko ta karɓe ni, sauran biyun da sun cinye ni.

Daga nan na fitar da ma'auni huɗu da nake ba duk matashin da ya tambaye ni. Na farko, mutum nawa za ka fuskanta a lokaci guda? Mai gwajin jini a asibiti da malamin aji duk suna hulɗa da jama'a, amma ɗaya da mutum guda-guda yake yi, ɗaya da yara tamanin. Na biyu, za ka san abin da za a tattauna kafin a fara, ko kwatsam ake afko maka? Mai fassarar takardu yana da lokacin tunani, tafinta a gaban alƙali ba shi da shi. Na uku, bayan an yi hulɗar, aikin yana barin ka ka kaɗaita ko kuwa daga wannan sai wancan har dare? Na huɗu, wa ke yi wa aikin shaida, hannunka ko bakinka? Maƙerin azurfa a Agadas, da baduku a Damagaram, da mai ɗinkin hula, da akanta, da mai rubuta manhajar kwamfuta, aikinsu ana ɗagawa a gani. Dillali da ɗan kamasho da sanƙira kuwa, in bakinsu ya mutu sana'ar ta mutu. Babu wadda ta fi wata daraja. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na san mai karatu zai ce wannan maganar mai ƙoshi ce. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, kowace shekara ga dubban matasa na fitowa neman abin yi, wa ke da zaɓi? Ga iyaye sun tsufa, ga ƙanne a lakkol, ga kuɗin haya. Da babu gara ba daɗi. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba zan yi mata rufa-rufa ba. Wanda yunwa ke bakin ƙofarsa, ya kama abin da ya samu, ko kabu-kabu ne ko talla, kuma babu wanda ya isa ya raina shi. Ciyar da iyali ya fi jin daɗin rai nauyi a ma'auni. Kakanninmu ma ba su san wannan tambaya ba, don a zamaninsu sana'a gado ce, ɗan maƙeri maƙeri ne, wanda ya shigo daga waje a kira shi ɗan haye.

Amma akwai abu biyu da wannan hujja ta tsallake. Na farko, ko a cikin gadon akwai zaɓi. A gidan mahauta wani ke zuwa kara sayen dabba, wani ke zaune yana shanya kilishi. A gidan masaƙa wani ke kan masaƙa, wani ke kai zane kasuwa. Dattawan da suka san 'ya'yansu suna sanya kowa inda ya dace ba tare da sun karanta Jung ba. Yau ma haka take: da wuya ka zaɓi ma'aikata, amma sau da yawa kana iya matsawa a cikinta daga wannan kujera zuwa waccan. Yaron shagon da ya nuna ya iya riƙe littafin bashi, ba da daɗewa ba maigida zai ɗauke shi daga bakin ƙofa.

Na biyu, aikin da ke cin mutum ba shi kaɗai yake ci ba. Na san wani da ya yi shekaru yana aikin karɓar baƙi, tun safe har yamma yana murmushi yana amsa tambaya. In ya dawo gida ba ya iya ce wa matarsa uffan, yara in sun ji motsin babur ɗinsa sai su yi tsit. Mutumin kirki ne, amma maganar da Allah ya ba shi ta yini guda ya rabar da ita a wajen aiki, na gida sai suka tashi da ƙanzo. Saboda haka neman aikin da ya karɓe ka ba lallai son kai ba ne. Wani lokaci shi ne hanyar sauke haƙƙin waɗanda kake cewa dominsu kake wahala. Amsata ga tambayar farko ke nan: ka kama abin da ya samu in dole ta sa, amma kada ka mai da dole mazauni. Kana da haƙƙin ci gaba da nema, har ma nauyi ne a kanka.

Sai dai mai shiru-shiru ma akwai bashi a wuyansa, kuma 'yan uwana a wannan hali ba su cika son jin wannan ba. Gaskiya ne hali zanen dutse ne, amma iya magana ba hali ba ne, koyo ne, kamar tuƙi. Wanda ya fi son tafiya a ƙasa ba a hana shi koyon tuƙi ba. Dole ka iya faɗin kuɗin aikinka ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Dole ka iya tsayawa minti biyar ka bayyana abin da ka yi, in ba haka ba wani zai bayyana shi da sunansa. Zumunta kuma a ƙafa take: ba sai ka kwana a fada ba, amma ta'aziyya da suna da dubiya ba su da madadi, kuma mutum biyar da ka riƙe da gaske sun fi ɗari da kuke gaisawa a hanya. Mafi girma duka, akwai shirun da laifi ne. Akantan da ya ga ana sata ya ce shi ba mai magana ba ne, mai gwajin jini da ya ga an yi kuskure ya kame baki, waɗannan ba kawaici suka yi ba, sun laɓe ne a bayan halinsu. Halin da aka ba ka dalili ne na zaɓen hanya. Bai zama uzurin gudun gaskiya ba.

Sauran jama'a kuma fa? Abin mamaki, mu ne muka fi kowa girmama shiru in yana sama. Sarki yana rufe baki da amawali, a gaishe shi fadawa su amsa, mu ce wannan ita ce sarauta. Malamin da ba ya yawan zance mu ce mai kwarjini ne. Amma ɗan shekara ashirin ya zo neman aiki da wannan halin, sai a ce ba shi da kuzari. Yarinya kuwa a yaba mata shirun a gida, a ce mai kunya ce, sannan a ofis a tsallake ta ranar ƙarin girma saboda shirun nan dai. Ina roƙon masu ɗaukar ma'aikata, in aikin na hannu ne ko na lissafi ko na rubutu, ku ba mutum aikin ya gwada, kada hira ta minti goma ta yanke hukunci, don ita hira gwanin hira take zaɓa. A wajen taro ku tambayi wanda bai ce komai ba, ko ku ba shi zuwa gobe ya kawo nasa a rubuce. Iyaye kuma ku daina cewa yaro "ka zama kamar wane". Ku duba abin da yake yi in an bar shi shi kaɗai, sana'arsa sau da yawa tana nan kusa.

To, mece ce alamar sana'ar da ta karɓi mutum? Kowace sana'a da gajiyarta, don haka rashin gajiya ba shi ne ma'auni ba. Ni abin da nake dubawa shi ne, aikin yana amfanar wani ban da kai, yana ciyar da gidanka, kuma in ka tashi da yamma akwai sauran fara'ar da za ka kai gida. Wanda ya samu waɗannan uku, ko a gindin bishiya yake ɗinkin takalmi, ya dace. Wanda bai samu ba tukuna, ya riƙe abin da ke hannunsa da kyau, ya buɗe ido, ya kuma daina ba mutane haƙuri a kan yadda aka halicce shi. Allah ya haɗa kowa da abin da zai karɓe shi.