Kukan andalib da tambayar da ya bar mini

Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore mana ji da gani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwana, ga wata tambaya da na dawo da ita daga ziyarar Fas: idan murya mai daɗi ta kama zuciyar bawa har ya zubar da hawaye, Allah ya tuna, ko kuwa daɗin ya bi?

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da Maradi ke fama da zafin bazara. A arewacin Maroko kuwa sanyi ya wuce, itatuwa sun yi toho, shi ne lokacin da Larabawa ke kira rabi'i. Mai masaukinmu ya kai mu gonarsa a bayan gari, a bakin wani rafi. Muna zaune bayan sallar isha'i sai wata murya ta taso daga cikin duhuwa. Ta fara da siririn fito, tana ƙara ƙarfi a hankali, sai ta kece da sauri, ta yi shiru, ta sake ɗauko wani salo dabam. Mai gida ya ce andalib ne, wanda Farisawa ke kira bulbul. Ɗan tsuntsu ne mai launin ƙasa, nauyinsa bai fi giram 20 da ɗoriya ba. Yana cin sanyin hunturu a kudancin Sahara, har da yankunan Afirka ta Yamma, sannan ya ƙetare hamada ya koma arewa don yin sheƙa. Wataƙila ma ta saman ƙasarmu ya bi.

Na daɗe ina saurare. Da na farga, carbi na hannuna, amma wuridin da na fara ya tsaya tun tuni. Abin ya dame ni. Alƙur'ani ya sanar da mu cewa tsuntsaye na tasbihi, har sun yi shi tare da Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ga shi tsuntsu yana nasa zikirin, ni kuma saurarensa ya sa na bar nawa.

Shehu Fariduddini Attar, mutumin Naisabur da ya rasu wajen shekarar 1221, ya san wannan tarko. A littafinsa Manɗiƙuɗ Ɗairi, tsuntsaye sun taru za su tafi neman sarkinsu, alhudahuda na yi musu jagora. Andalib ya kawo uzuri cewa son furen wardi ya ishe shi, ba zai iya barinsa ba. Alhudahuda ta nuna masa cewa kyan wardi na ƴan kwanaki ne. Lura da cewa wanda ya fi kowa murya da shauƙi shi ne ya so ya zauna. Abin da ya tsare shi kuwa kyakkyawan abu ne, shi ya sa bai gane an tsare shi ba.

To, sai mu toshe kunne? A'a. Wanda ya ƙi kallon aya ya yi wa Mai ayar butulci. Kyan halitta ɗan aike ne. Ladabi shi ne ka karɓi ɗan aike da girmamawa, ka karanta wasiƙar, ka amsa wa wanda ya aiko. Abin kunya shi ne ka shagala da rigar ɗan aike har wasiƙa ta kwana a rufe.

Masu binciken tsuntsaye sun lura da wani abu: mafi yawan masu kukan tsakar dare maza ne da ba su sami abokiyar zama ba. Idan sun samu, kukan dare ya ragu ko ya ɗauke. Haka begen abin halitta yake, samu ne ke kashe shi. Begen Allah kuwa, duk sanda bawa ya matsa kusa sai ƙishirwarsa ta ƙaru. Da wannan za ka auna kanka. Idan murya ta yi shiru zuciyarka ma ta yi shiru, muryar ka so. Idan ta yi shiru ka tashi da kwaɗayin alwala da tsayuwar dare, to ta isar da saƙo.

Wannan awo ya shafe mu a zawiya fiye da a gona. Mu nawa ne ke cika wuri ranar da mai bege mai zaƙin murya zai zo, amma mu yi ƙaranci a wazifar da wani tsoho mai rawar murya ke ja? Wanda ake ambato a daren biyu ɗaya ne. Ba laifin mai begen ba ne, kamar yadda ba laifin andalib ba ne. Gyaran yana wurin mai saurare.

A daren nan na sake ɗaukar wuridina daga farko, tsuntsun bai daina ba. Wannan karon kukansa ya zame mini kamar ɗan'uwa a gefena cikin halƙa, kowa na kiran Ubangijinsa da harshen da aka ba shi.

Allah ya tsarkake jinmu, ya sa duk kyan da muka gani ya kai mu gare shi, albarkar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.