Taurin Bashi

Akwai wanda ake bi bashi ba shi da abin biya, akwai kuma wanda yake da shi ya ƙi. Na farko abin tausayi ne, Alƙur'ani ma a Suratul Baƙara, aya ta 280, ya ce a saurara masa har Allah ya hore. Da na biyun nake, wanda zai ɗinka sabuwar shadda ya sauya waya, alhali sunansa ya yi watanni a littafin mai shagon bakin layi.

Kayan da ke jere a kantar shagon nan ba duka ne na mai shago ba. Buhun shinkafa, katan ɗin taliya, jarkar man gyaɗa, sau tari bisa amana ya ɗauko su a hannun dila a Kasuwar Singa, idan ya sayar ya kai kuɗi. Haka 'yan Kantin Kwari ke sakar wa ƙananan 'yan kasuwa atamfa da yadi. Ribar da ke kan kwanon sukari ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka idan mutum biyar suka riƙe masa kuɗi, uwar kuɗin suka taɓa. Ranar sari ya je da giɓi, dila ya ɗaure fuska, ya rage masa kaya ko ya hana shi ɗungurungum.

Ga kuma tsada. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. A irin wannan yanayi, wanda ya karɓi kwano goma na shinkafa ya biya bayan wata shida, kuɗinsa ba za su mayar da kwano goma cikin buhu ba. Ya ce ya biya, amma ya ci wani abu daga jarin bawan Allah.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mai taurin bashi ke fakewa da kunyar mutane. Ya san mai shago maƙwabcinsa ne, sahu ɗaya suke sallah, ba zai kai shi gaban mai unguwa ba. Yau ya ce sai an yi albashi, gobe ya ce ya tura, alat ne bai shigo ba, jibi ya sauya hanya. Ranar da aka tare shi kuwa, shi ne da fushi: "Haba Malam, a kan naira dubu biyar za ka tozarta ni?" Mai haƙƙi ya koma kamar mai bara a kan guminsa.

Addini bai ɗauki wannan da wasa ba. Hadisin Bukhari da Muslim ya kira jinkirin mawadaci zalunci. An kuma ruwaito Annabi (SAW) ya ƙi sallatar gawar wani mai bashi sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da sa masa wa'adi da shaidu take. Mu kuwa, a ce mu sa hannu a takarda sai mu ce an raina mu.

Idan mai shago ya gaji, sai ya samo fenti ya rubuta "Ba bashi" a jikin ƙofa. Mai sabuwar shadda ya koma wani shagon. Wadda dokar ke faɗawa kanta ita ce uwar marayun da ke karɓar garin kwaki da sabulu ranar Litinin, ta biya ranar Juma'a, ba ta taɓa saɓawa ba.